Aikina: rubuta labarin masu moto

Ƴan uwa manoma da makiyaya, na yi shekaru da yawa ina aikin jarida, kuma yawancin rubutuna a kan moto ne da masu hawansa. Wasu suna tambayata: don mi ba ka tsaya ga labarin damana da hatsi ba? Amsata ita ce, yau moto ya shiga cikin sha'anin gona da garke. Shi ke kai mace mai naƙuda likita da tsakar dare. Shi ke kai nono da albasa kasuwa. Shi ke kawo malamin dabbobi in ciwo ya faɗa wa shanu.

Lokacin da nike yaro, moto na ma'aikata ne. In ka ji ƙarar Mobylette ko Yamaha, ka san malamin gona ne ko malamin makaranta. Bayan shekara ta 2000, motocin ƙasar Sin kamar Kasea suka shigo da araha. Samari suka kama sana'ar kabu-kabu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Birnin Ƙonni, har cikin ƙauyuka.

Ga yadda nike aikina. Ina zuwa inda ƴan kabu-kabu ke tsayawa ranar kasuwa. Ina zama, ina sauraro, ina rubutawa. In jarida ta fito, sai in koma in karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Abu uku na fi maimaita musu.

Na farko, kaske. Na je gaisuwar mutuwar samari da yawa. Sau da dama jikin yaro lafiya lau, kai ne kawai ya bugu. Ƙafa in ta karye ana ɗori, kai kuwa ba a ɗorinsa. Suna ce mini akwai zafi. Gaskiya ne, amma zufa ba ta kisa. Kuma moto na mutum biyu ne, ba na huɗu da buhun gero ba.

Na biyu, lissafi. Yaro ya kan ƙirga abin da ya samu da marece, ya ce duk riba ce. Ba haka ba ne. Sai ya fitar da kuɗin mai, da na baƙin mai, da na taya da sarƙa da buji, da na takardu. Abin da ya rage shi ne nasa. Wanda ya iya karatu, ya sayi littafi ya riƙa rubuta shiga da fita kullum. Lokacin hunturu kuma a riƙa wanke matacin iska, don ƙura ita ke cin inji.

Na uku, asusu. Inda ƴan kabu-kabu suka haɗa kai suna zuba kuɗi kaɗan kowane mako, wanda ya yi hatsari ba ya bara. Na taimaka wa wasu wajen rubuta sunaye da dokokin asusunsu, kuma wannan aiki ya fi kowane faranta mini rai.

Iyaye, akwai maganar da ta fi damuna. Na ga mutanen da suka sayar da gona don su saya wa ɗa moto. Ku yi tunani. A 2015 hukuma ta hana yawo da moto a jihar Difa sabo da rashin tsaro. A 2020 aka yi haka a sassan Tilaberi. A 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, man kwalba ya yi tsada a garuruwan bakin iyaka. Duk lokacin, ƴan kabu-kabu ne suka fara shan wuya. Wanda ke da gona ya koma gona. Wanda ya sayar fa, ina za shi? Moto yana tsufa cikin ƴan shekaru, gona kuwa har jikoki. In za a saya, a sayar da rago ko amfanin wake, a bar ƙasa.

Ni ba ƙin moto nike ba, shi ne dokina. So nike masu hawansa su tsufa cikin iyalinsu. In kuna da kuka ko shawara a kan wannan sana'a, ku rubuto da hannunku. Za mu karanta, kuma za mu buga.