Kuɗin Fito a Bakin Ruwan Shagari

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani ba zai kawo a ransa cewa akwai mutanen da harkarsu ta yau da kullum ta rataya a kan kwale-kwale a wannan yanki ba. Da sassafe motarmu ta bar Sakkwato, muka wuce filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, sai gonakin gero da aka girbe tun kaka, da jakuna da raƙuma ɗauke da kara. Kusa da Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, muka tsaya Bodinga, garin da ƙaninsa Malam Abdullahi ya yi zama a wancan zamani. Direba ya sauke fasinja ya ɗauki wasu, ya cusa mutum biyu a kujerar gaba, babu wanda ya ce uffan. Daga nan sai Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983, inda kuma aka binne shi a watan Disamba na 2018.

Ruwa ne ya kai ni Shagari. Madatsar da aka yi a nan ta tara ruwan da ba ya ƙafewa, masunta da manoman rani suka samu abin yi. Sai dai ruwan ya shiga tsakanin wasu ƙauyuka da gonakinsu, da kasuwanninsu, da dajin da suke samun icce. Wanda ba zai yi dogon zagaye a kan babur ba, dole ya nemi mai fito.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a wani mashigi da hantsi. Babu rumfa, babu allon farashi, babu mai yankan tikiti. Kwale-kwale ne na katako a jere a bakin gaɓa, kowanne da mai shi. Na yi wa dattijon cikinsu sallama, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, ya matsa mini gefen tabarmarsa. A wurinsa na fahimci yadda kuɗin fito yake: kan mutum ake biya, kowace ƙetarawa da nata kuɗin. Babu wani ragi don za ka je ka dawo a yini ɗaya. Babur da buhu da akuya kowanne da nasa lissafin. Yaro ba ya biyan na babba, ɗan gari da aka sani yakan ce sai ya dawo, baƙo irina kuwa sai an yi ciniki. Ranar kasuwa da lokacin da ruwa ya cika ya yi faɗi, kuɗin yakan motsa.

Da na zauna ina kallo, sai na ga fasinja suna da nasu ma'aunin zaɓen jirgi. Na farko shi ne wanda ya fi sauƙin kuɗi. Na biyu, wanda ya kusa cika, don shi zai fara tashi. Na uku sanayya: wannan ɗan unguwarmu ne, wancan yana ɗaga mana ƙafa in babu canji. Ban ga wanda ya leƙa cikin jirgi ya duba ko yana yoyo ba, ko ya tambayi mutum nawa yake ɗauka.

Ga shi kuwa bambancin a fili yake. Wani jirgin babba ne mai faɗin ciki, katakonsa da sauran ƙwari, matuƙinsa magidanci da ya san inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa. Wani siriri ne na kamun kifi da aka mayar na fito, duk jikinsa faci, yaro ɗan shekara goma sha wani abu ne riƙe da filafili, ƙaninsa na kwarfe ruwa da gwangwani. Na yaron ya fi araha, kuma shi ya fi samun yara 'yan uwansa. Araha dai ba ta ado.

Na shiga babban. Zuwa lafiya lau, mu kaɗan ne, gefen jirgi ya ɗaga sosai bisa ruwa. Dawowa da la'asar ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Waɗanda suka ƙetara ɗai-ɗai tun safe duk sun taru lokaci guda, kowa da ɗaurin icce ko buhu, kowa na son isa gida kafin magariba. Iska ta taso, ruwa ya fara kaɗawa. Matuƙinmu ya tsayar da lodi ya ce saura su jira sawu na gaba, aka yi ta yi masa magiya da ƙorafi. Jirgin da ke kusa da mu ya kwashe su. Da ya tashi, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Ko rigar ruwa ɗaya ban gani a jikin kowa ba, har da ni.

Ba mugunta ke sa mai fito cika jirgi ba. Lissafi ne. Ƙarfin da zai kashe ya ƙetarar da mutum goma kusan shi zai kashe a kan ashirin, kuɗin kowane kai kuma bai taka kara ya karya ba. Kowane mutum da ya bari a gaɓa cefane ne ya bar wa abokin sana'arsa. Muddin kan mutum ake biya, kuma babu mai ƙayyade adadi, wanda ya fi tsoron Allah shi zai koma gida da kuɗi kaɗan.

Mutanen Shagari sun san ƙarshen wannan lissafi. A watan Afrilu na 2022, cikin azumi, jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana, 29 suka rasu daga cikin 35 da ke ciki, akasarinsu yara da matasa. A watan Mayu na 2023 aka sake yin wani a Dandeji, yara 15 suka rasu a hanyarsu ta zuwa neman icce. Dukansu biyu da bazara suka faru, ba a tsakiyar damina ba, don haka ba za a ɗora wa ambaliya laifi ba. Haka aka gani a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano a watan Nuwamba na 2021, inda ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi suka fi yawa cikin mamatan. A watan Agusta na 2025 kuma jirgin masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife da mutum fiye da 50. 

A wasu wurare fasinja na iya zaɓen jirgi da farashi kawai, saboda an riga an ɗauke masa sauran damuwar. Tsakanin Dover ta Ingila da Calais ta Faransa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, kamfanonin P&O da DFDS da Irish Ferries suna gasa da tikitin zuwa da dawowa a yini ɗaya, amma babu wanda ya isa ya rage kuɗi ta hanyar ƙara lodi. Tun 1876 dokar Birtaniya ta tilasta zana layi a jikin jirgi, bayan fafutukar ɗan majalisa Samuel Plimsoll: in ruwa ya rufe layin, kaya sun yi yawa. Ko a Legas, a tashoshin da hukuma ke kula da su, ba a tashi sai fasinja ya sa rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin da suka hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, suka kuma wajabta rigar ruwa. Amma daga Lokoja zuwa mashigin da na zauna akwai nisa.

Abin da Shagari ke bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da sarakuna ba. Sarkin Ruwa da hakimi su duba kowane jirgi, a zana masa layi da fenti, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka. A yi layin lodi irin na tashar mota, don kada wanda ya ƙi cikawa ya yi asara. A tsayar da kuɗin fito guda da zai riƙe mai jirgi ba sai ya danƙara ba. A hana yara tuƙa fasinja, a ajiye rigunan ruwa a mashigi a hannun wanda za a tambaya in sun ɓace. Kai kuma mai ƙetarawa, kafin ka tambayi nawa ne, dubi gefen jirgin. In ruwa ya kusa bakinsa, jira sawu na gaba, kuma kada ka bar ɗanka ya shiga.