Gwangwani Ɗaya na Shinkafa

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo.

Tun da na fara mastas a Jami'ar Modibbo Adama nake zaune a Jimeta, kullum sai na haye gadar Binuwai zuwa Girei. Akwai wani almajiri, bai wuce shekara goma ba, da ke zuwa ƙofata bayan magariba. Ba mu taɓa yin wata yarjejeniya ba. In zan dafa shinkafa sai in ƙara gwangwani ɗaya saboda shi, shi ke nan.

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, ga kuɗin makaranta. Sai na daina ƙara gwangwanin. Abin kunyar ma, in na ji sallamarsa sai in yi lamo a ɗaki kamar ba na nan. Ya yi ta zuwa kusan mako biyu, daga nan ya ɗauke ƙafa.

Kwanan nan ina karatun jarrabawa na ci karo da yadda mabiya addinin Buda ke riƙe malamansu a Tailan. Da asuba malaman ke fita ba takalmi, kowa da kwanonsa. Ba sa roƙo, mutane ne ke jiransu a bakin hanya da shinkafa. Dokarsu ta hana su ajiye abinci ya kwana, kuma rana na yin tsaka sun gama cin na ranar. Wato in gari ya yi rowa yau, yau ɗin za su ji a jikinsu. Sunan wannan kyautar "dana", kuma a wurinsu mai bayarwa ne ya ci riba.

Wallahi sai na ajiye littafin. Ai haka tsangaya ta rayu a ƙasar nan: kowane almajiri da uwar ɗakinsa, gida ya san da kwanonsa tun kafin a ɗora tukunya. Sai dai su can galibi manya ne da suka zaɓi rayuwar da kansu. Nawa yaro ne, ba wanda ya tambaye shi.

Ranar Juma'a na je makarantarsu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina yaron nan?" Ya ce yanzu dako yake yi a babbar kasuwar Jimeta, sai dare yake dawowa, karatun ma ya ja baya. Na bar saƙo a ce ya zo.

Jiya na ƙara gwangwanin. Har na kwanta bai zo ba, abincin na nan a rufe.