Zuwa ga Autata

Gyadi-Gyadi, Kano
12 ga Fabrairu

Autata,

Ya karatu, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, sai hazon hunturu da ya rufe Titin Zariya.

Takardarki ta iso. Kin ce alkawuran da kika ɗaukar wa Allah a daren 31 ga Disamba, a addu'ar shiga sabuwar shekara a Sabon Gari, duk sun warware. Karatun Littafi Mai Tsarki ya tsaya, tashin asuba ya gagara, kin kuma yi cacar baki da ƙawarki. Har kina tambaya ko Allah zai ƙara sauraronki. Tambayar nan ce ta hana ni barci.

Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne. Mai karanta uku kullum yakan gama Farawa da Fitowa a Janairu, ya faɗa Littafin Firistoci a Fabrairu, cikin dokokin hadaya da tsarki. Manya da dama nan suke maƙalewa, balle ke.

Alkawari kaya ne, ba na musu. Amma ki tuna da Bitrus. Ya yi rantsuwa ko mutuwa ce zai bi Yesu, alkawarin nan ko kwana bai yi ba: kafin zakara ya yi cara ya musanta Shi sau uku. Buɗe Yohanna sura 21 ki ga yadda suka haɗu a bakin Tekun Tibariya. Kifi ne a kan garwashi da gurasa. Sai da Bitrus ya ci ya ƙoshi sannan aka tambaye shi zancen ƙauna, aka damƙa masa kiwon tumaki. An karɓe shi tukuna, aiki ya biyo baya. Alherin Allah ba irin adashin da muke yi da matan Tarauni ba ne, wanda sai kin zuba za ki kwasa. Kyauta ne, kuma tun kafin ki buɗe baki ki yi alkawari aka ba ki shi.

Shi kansa littafin da ke hannunki bai zo bisa shirin mutum ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila suka iso Kano da niyyar zama, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Mila bai koma gida ya naɗe hannu ba. Ya zauna Zariya yana fassara tare da Hausawa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Kada kuma ki mai da alherin Allah hujjar lalaci. Bulus ya toshe wannan ƙofa a Romawa sura 6. Ba sai wata Janairu ta zagayo ba. Gobe ki fara Markus, sura 16 ce kacal, ɗaya kowace rana. Ƙawarki kuwa, ki riga ta neman gafara yau ɗin nan, ko da kina ganin ita ta fara.

Na aiko miki da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da man shafawa daga kasuwar Tarauni. Ki raba da ƙawar taki. Babanki da matan Zumunta suna gaishe ki. Idan kin gama Markus, ki rubuto ki faɗa mini abin da ya fi ba ki mamaki.

Taki har kullum,
Mama