Kashi ɗari na me? Darasin wani malamin lissafi a Madawa

Duk wanda ya tashi tsakanin kwarin Tarka da na Majiya ya san gayya. Mai gona ya yi shela, samari su fito da hauyoyinsu, kafin la'asar an gama noman da mutum ɗaya zai kwashe mako biyu yana fama da shi. Haka kuma da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, dubban mutane ne, yawancinsu mata, suka hau tuddai, kowa da raminsa, kowa da dutsensa, har fako ya koma daji. To, jama'a, zamani ya zo da wata gayyar da ba a yi mata kiɗa, ba a dama mata fura, ma'aikatanta kuwa kwamfutoci ne.

Ga yadda take. Masanan da lissafi ya fi ƙarfin na'urorinsu sukan yayyanka shi ƙanana ƙanana, su aika ta intanet ga duk wanda ya yarda ya ba da aron kwamfutarsa a lokacin da take zaman banza. Shirin SETI@home na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a Amurka, wanda ya fara a 1999 ya daina rarraba aiki a 2020, shi ya sanar da duniya wannan dabara, kuma a jami'ar ne David Anderson ya jagoranci ƙirƙirar manhajar BOINC, wadda shirye-shirye da dama suka hau kanta. Biyu daga cikinsu sun taɓa rayuwarmu kai tsaye. Daga 2006 zuwa 2016 cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ta gudanar da malariacontrol.net domin gwada hanyoyin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. A 2019 kuma jami'ar Delft ta Holan ta buɗe Africa Rainfall Project a kan dandalin World Community Grid, domin kwaikwayon yadda hadari ke haɗuwa da yadda ruwa ke sauka a Afirka kudu da Sahara.

Wannan na biyun shi ya ja hankalin wani malamin lissafi da ke koyarwa a Madawa. Ɗan manomi ne daga ƙasar Buza, ya san baƙin cikin shuka da ruwan farko, sannan sama ta ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. A 2020 ya sa manhajar a ƴar kwamfutarsa ta hannu, wadda ya saya ta biyu bayan watanni yana tsimi daga albashinsa. Kwana uku da farawa ya buɗe allon da Windows ke nuna aikin na'ura, sai ya ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, tana kan kashi 100 cikin 100, fankar ciki tana ta huci. Wani saurayi mai gyaran na'urori, tsohon ɗalibinsa, ya duba ya ce: «Mushe, ku cire wannan abu tun da wuri. Ko cuta ce ta shige ta, ko kuwa wannan aikin zai ƙona muku ita.» Maganar ba ta wasa ba ce, domin akwai miyagun manhajoji masu satar ƙarfin na'ura da ke nuna irin wannan alama, kuma in kwamfutar ta mutu, makin ɗalibai da darussan shekara duka suna cikinta.

Sai dai malamin lissafi ba ya barin kashi ya wuce bai tambayi asalinsa ba: kashi ɗari na me? Amsar da ya samu ita ce lokaci. Na'ura tana duba ɗan taƙaitaccen lokaci, a ce daƙiƙa ɗaya, ta ƙidaya nawa furosesa ta yi tana aiki, nawa ta yi tana jira. Mai rubuta wasiƙa ba ya cin komai daga wannan lokaci sai ɗan kaɗan. Sauran duk zubewa yake yi, kamar ruwan sama a kan fako. BOINC wannan rarar take tarewa. Kuma an sa ta a ƙarshen layi: tamkar mai jan ruwa a rijiya ne da ya yi alkawarin ba zai zura guga ba sai babu kowa, da zarar wani ya iso ya ja da baya. Malamin ya gwada, ya buɗe takardar makin ɗalibai alhali lambar na kan 100, takardar ta buɗe ba tare da wani jinkiri ba. Inda nauyi kan zo shi ne wajen ma'ajiyar wucin gadi, domin aikin da aka ɗora yakan riƙe rabonsa a cikinta. In ta yi ƙaranci, na'ura za ta ja ƙafa ko da lambar furosesa ba ta kai ko'ina ba.

Da ya warware wannan, sai wasu lambobin suka biyo baya. Furosesar yau ta kasu gida gida, kowane gida yana lissafinsa. A na'ura mai gida huɗu, aiki ɗaya da ya cika gida guda kashi 25 zai nuna, sai mutum ya zaci ana ragwanci alhali gidan nan bai huta ba. A tsarin Linux kuwa, wani ma'aunin yana ba kowane gida ɗari nasa, har a ga kashi 400, a ɗauka na'ura ta haukace. Akwai kuma furosesar da gidanta biyu ne amma take nuna kanta kamar huɗu, domin kowane gida yana karɓar layi biyu na aiki. A irin wannan, kashi 50 ya riga ya wuce rabin ƙarfinta na gaskiya. Ranar da malamin ya umarci BOINC da kada ta wuce rabin lokaci, ya yi tsammanin zanen zai kwanta a kan 50. Sai ya ga haƙoran zarto, sama da ƙasa, domin manhajar aiki take yi gaba ɗaya na ɗan lokaci, ta tsaya cak na ɗan lokaci. Rabin da ya nema sai an haɗa an raba yake fitowa.

Amma tsohon ɗalibin bai yi ƙarya duka ba. Haɗarin yana nan, a wurin da lambar ba ta nunawa. Furosesa mai aiki tana cin wuta, wutar kuma tana komawa zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Madawa ke haura digiri 40, iskar da fanka ke ja ita kanta zafi gare ta, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe kafofin iska. Idan zafi ya kai iyaka, furosesa takan rage gudunta domin ta tsira. Ma'aunin da ke ƙidayar lokaci zalla zai ci gaba da cewa 100, alhali aikin da ke fita ya ragu, kamar jakin da ya wuni a kan hanya amma tafiyarsa ta koma ta hawainiya. Wasu ma'aunan suna sa gudu cikin lissafinsu, shi ya sa biyu kan saɓa wa juna a na'ura ɗaya.

Sai maganar kuran. A ce aikin ya ƙara wat 40 a kan abin da na'ura ke ci, awa 10 kullum har kwana 30: kilowat-awa 12 ke nan, kuma daga aljihun mai gida za su fito. A Turai ana iya kiran wannan kyautar abin da ba a bukata. A ƙasar da wani babban kaso na wutarta ke zuwa daga Najeriya, har aka ga yadda gari ya yi duhu lokacin da aka katse layin a watan Agustan 2023, kyauta ce mai farashi. Bugu da ƙari, duk lokacin da wuta ta ɗauke na'ura ta mutu, lissafin da aka yi tun daga ajiyar ƙarshe ya tafi, ko da lambar ta kwana a kan 100.

Malamin bai cire manhajar ba, bai kuma sake mata linzami ba. Ya ba ta gida biyu cikin huɗu, ya hana ta taɓa batir, ya ɗora kwamfutar a kan ƴan katakai domin iska ta ratsa ƙarƙashinta, ya riƙa kai ta a hure ƙura, in bazara ta kama kuma ya dakatar da aikin sai damina ta sanyaya gari. Abubuwa uku ya koma dubawa: zafin furosesa, kwantar wuta, da yawan ayyukan da aka karɓa bayan an gwada amsarsa da ta wata na'urar da aka ba lissafi iri ɗaya. Rabonsa kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika, kuma yana jin daɗin cewa garin da aka saba kawo wa taimako shi ma ya aika da nasa, ya kuma san abin da ya kashe a kai.

Ribar da ta fi girma ɗalibansa ne suka ci. In an zo babin kashi cikin ɗari, yakan rubuta 100 a allo ya ce musu: «Ƴaƴana, kada wanda ya ji tsoron wannan lamba, kada kuma wanda ya yi murna da ita, sai ya san abin da aka auna.» Daga nan yakan kawo musu farashin buhun albasa, da sakamakon jarrabawa, da alƙaluman amfanin gona da ake karantawa a rediyo, ya sa su nemo a ƙarƙashin kowane kashi abin da aka raba, da abin da aka bari ba a ƙidaya ba.