Waya Ko Roba

A hotunan bikin ƙanwata babu ko ɗaya da haƙorana suka fito. Ana ta turo su a zauren WhatsApp na gidanmu, kowa baki har kunne, ni kuwa in ba gefen mayafi na kai baki ba, to tafin hannu ne. Ban damu ba, domin haka nake tun ina aji uku na firamare, shekarar da fiƙata ta hagu ta rasa wurin zama ta tsiro can saman dasashi, 'yan ajinmu suka raɗa mini suna. Ba zan faɗi sunan a nan ba, har yanzu akwai masu tunawa.

Abin da ya tayar mini da hankali hoto ɗaya ne. 'Yata mai shekara shida tana tsaye a gefena, ita ma ta ɗora hannu a baki, daidai yadda nake yi, har da ɗan sunkuyar da kai. Ta fara famfara a lokacin, sai na ɗauka giɓin take ɓoyewa. Da na tambaye ta, cewa ta yi, “Umma, ai haka mata suke dariya.”

Shekarata 34, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Haɗeja. A makon nan na nemi ganin likitan daidaita haƙora a Kano.

Na je da tunanin maganar kyau ce kawai. Likita ta duba bakina, ta tura ni aka ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙi, sannan ta nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Haƙoran ƙasa na gaba sun hau kan juna, buroshi ba ya shiga tsakaninsu, datti ya daskare a wurin, shi ya sa dasashina ke jini duk safiya. Ni da na ɗauka ƙarfin goge baki ne. Ta ce sai an wanke wannan an ga dasashi ya lafa kafin a taɓa komai, domin ba a motsa haƙori a cikin dasashi mai ciwo. Sai ta ajiye abu biyu a kan tebur. Ɗaya samfurin baki ne da aka manna wa ƙananan ƙarafa, kowane haƙori da nasa, siririyar waya ta ratsa su. Ɗayan kuma roba ce garai-garai, mai siffar haƙora, wadda ake zura musu kamar kube. Ta ce, “Malama, duka biyun za su iya aiki a bakinki, amma ba iri ɗaya za su nema daga wurinki ba.”

Na tambaye ta abin da Gwaggona ta riga ta faɗa mini a gida, wato icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta yi dariya ta ce haƙori ba icce ba ne. Ba a kafe yake a ƙashi kamar ƙusa ba, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da saiwarsa. Idan aka matsa shi a hankali ba tare da sassautawa ba, ƙashin da ke gabansa yakan narke kaɗan-kaɗan, wani sabo ya ginu a bayansa, sai ya gusa wajen milimita ɗaya a wata. Jiki ba ya daina wannan aikin don mutum ya girma, sai dai na babba ya fi nawa. Waya da roba duk dabarar ke nan. Bambancinsu shi ne wanda ke riƙe da matsin. Waya manne take, ko kana so ko ba ka so tana aiki dare da rana. Roba kuwa sai ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 kullum, a cire ta don cin abinci da goge baki, a canza sabuwa duk mako ɗaya ko biyu, kowace tana gusar da haƙori kusan rubu'in milimita.

Tun kafin ta rufe baki zuciyata ta zaɓi roba. Babu mai gani. Zan shiga aji, in je biki, in je gidan surukai, ba wanda zai san ina gyaran komai, wata rana kawai a ga na buɗe baki.

Da na koma gida sai na shiga bincike a intanet, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Na ga cewa waya tsohuwar hanya ce da aka daɗe ana gogewa a kanta. Tun 1899 wani likita Ba'amurke, Edward Angle, ya kasa matsalolin haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa gida uku, kuma har gobe da rabonsa likitoci ke amfani. Wayar da ake farawa da ita a yanzu haɗin nikel da titaniyam ce, wadda ko an lanƙwasa ta sai ta nemi komawa siffarta, tana komawa tana jan haƙora. Roba kuwa a ƙarshen shekarun 1990 ta shigo kasuwa da sunan Invisalign, daga baya wasu kamfanoni suka biyo baya. Na kuma ga tallace-tallacen masu cewa a turo kuɗi su aiko da roba har gida, ba sai an ga likita ba. Wani babban kamfanin Amurka mai irin wannan ciniki, SmileDirectClub, ya rufe a Disambar 2023, ya bar mutane da gyara rabi da rabi. Wannan ƙofar na rufe ta tun a daren. Haka ma masu manna wa 'yan mata wayar ado ba tare da hoton ƙashi ko ilimin abin ba, waya ce dai, kuma tana iya jan haƙori inda ba a nufa ba.

Sai maganar kuɗi. Abin da aka yanka mini na roba ya kusa ninka na waya, kuma da yake daga waje ake ƙero ta, farashin yana bin dala. Kwasar adashina biyu za su biya waya. Roba sai na haɗa da sayar da 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini. Amma ita ma roba tana da hujjarta mai ƙarfi. Mai waya sai ya koma asibiti duk mako huɗu zuwa shida a ɗaure ko a canza, in ƙarfe ya ɓalle ko waya ta soki kunci kuma sai an koma ba shiri. Daga Haɗeja zuwa Kano tafiyar wajen awa uku ce a motar haya, ga kuɗin mota, ga neman izini a makaranta, ga yara. Mai roba ana iya ba shi na watanni ya tafi da su. Maigida da ya ji haka ya ce, “In dai don hanya ne, ki ɗauki robar, Allah zai rufa asiri.” Ya fi tsoron titi a kan kuɗi.

Gwaggo kuwa duka biyun ba su kwanta mata ba. Ta ce, “Ke da aurenki da 'ya'yanki, wa kike yi wa? Yadda Allah ya halicce ki ai ya fi.” Tana maganar haƙorinta na Makka yana walƙiya. Ban ce komai ba, ba a mayar wa Gwaggo magana, amma ƙanwata ta fashe da dariya har Gwaggon ta gane ta jefe ta da mafici. Mu da muke yabon mai wushirya, mu da kakanninmu mata suka rina haƙora da fure, kula da baki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk da haka maganarta ta tsaya mini, sai da na tambayi malamin islamiyyarmu. Ya ce malamai sun bambanta tsakanin gyara abin da ke cutarwa ko ya kauce wa yadda aka saba, da sauya lafiyayyen abu don ƙawa kawai. Da na faɗa wa Gwaggo maganar jinin dasashi, sai ta ce, “To ai ba ki ce ciwo ba ne.”

Abin da ya yanke hukunci lissafi ne, sana'ata. In an cire awa 22 daga 24, saura biyu. A cikin awa biyun nan zan karya, in ci na rana, in ci na dare, in goge baki bayan kowanne kafin in mayar da roba. Da ita a baki ruwa kaɗai ake sha, domin shayi mai zafi yana iya lanƙwasa ta, zoɓo ya rina ta, abu mai zaƙi kuma ya maƙale tsakaninta da haƙori ya jawo ruɓewa. Na ce bari in gwada kaina kafin in sayar da 'yan kunne. Na sami ƙaramin littafi, duk lokacin da wani abu da ba ruwa ba ya shiga bakina sai in ja layi. Shayin safe. Gyaɗar da ake zagayawa da ita a ofishin malamai. Ɗanɗana miya. Ragowar ƙosan yara da ba na son a zubar. Dabino daga hannun maƙwabciya. Ranar da ta fi ƙaranci na ja layi tara.

Na zauna da littafin ina duba wasu abubuwan da na sani game da kaina. Ban taɓa shanye maganin zazzaɓi har ƙarshe ba, da na ji sauƙi nake mantawa. Tabarau biyu na ɓatar a shekara guda. Na hango kaina a gidan biki na naɗe roba a takarda na ajiye gefen faranti, wata ta kwashe da ƙasusuwa. Na hango ranar da sabuwar roba za ta matse ni in ce bari in huta yau kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina da abokiyar aiki da ko alli ba ta taɓa ɓatarwa ba, ita roba za ta yi mata daidai, ta gama lafiya ba wanda ya sani.

Akwai kuma abin da na fi jin nauyin amsawa. Dalilina na farko na son roba ba hanya ba ce, ba kuma sauƙin goge baki ba, ko da yake duka gaskiya ne. So nake in gyara abin da nake ɓoyewa ta hanyar da ita ma ɓoyayyiya ce. Shekara biyu zan ƙara ina cire abu daga baki a bayan ƙofa, yarinyar nan tana kallona.

Da na koma na faɗa wa likita, sai ta ce dama fiƙar nan tawa sai an jawo ta ƙasa an kuma juya ta, irin motsin da waya ta fi iya riƙewa. Da roba ma za a yi, amma sai an manna wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori don ta sami abin kamawa, wataƙila kuma a sake awo a ƙara wasu robobin a ƙarshe. Na ce, “Likita, me ya sa ba ki faɗa mini tun farko ba?” Ta ce, “Na faɗa, Malama. Idonki na kan robar ne.”

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, makon farko na yi da-na-sani. Haƙora suka yi tsami, ko burodi ban iya gatsa ba, kwana huɗu ina kan kunu da fate. Ƙarafan suka goge mini cikin leɓe har sai da na riƙa manna musu ɗan kakin da aka ba ni. An hana ni rake, goriba, aya, ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara, kilishi ma sai an yayyaga ƙanana. Goge baki da ke ɗaukar minti biyu ya koma aiki, da wani ɗan tsinken buroshi da ke shiga ƙarƙashin waya, domin in aka yi sakaci, ranar da aka cire ƙarafan sai a tarar da fararen tabo a kewayensu. Sau ɗaya ƙarfe ya ɓalle saboda na kasa haƙuri da ƙashin kaza, na yi Kano ba ranar zuwana ba, maigida bai ce uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Ranar da na fara shiga aji, na ji ƙus-ƙus tun daga ƙofa. Da waya ba a iya koyar da darasi baki a rufe. Na ajiye alli na ce kowa ta kalla ta ƙoshi, na buɗe musu baki. Suka yi dariya, ni ma na yi. Wata ta ce, “Malama, da zafi?” Na ce da zafi. Muka koma kan allo. Bayan an tashi wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta tsaya ta tambaye ni ko nata ma za su gyaru, tana maganar hannunta a baki. Na ce ta fara da gaya wa mahaifiyarta, likita ne zai duba ya faɗa.

Yanzu wata bakwai ke nan. Fiƙar ta sauko rabin hanya, jinin safe ya tsaya. An ce in sa ran wata 18 zuwa 24 gaba ɗaya. An kuma gaya mini cewa bayan an cire, haƙora kan nemi komawa inda suka fito, don haka zan riƙa kwana da abin riƙe su, kuma mai yiwuwa roba ce irin wadda na guje wa. Wannan kam na dare ne kawai, ina ganin zan iya, na riga na sa maigida ya yi alkawarin tuna mini.

Hannuna bai daina tashi ba. Wani lokaci sai ya kai haɓa nake tunawa in sauke shi. 'Yata kuwa ta karɓi wani aiki: ita ke zaɓar launin 'yan robobin da ake ɗaure wayar da su duk zuwa. Na so in riƙa sa masu ruwan toka da ba sa ɗaukar ido, ta ce sam. Watan jiya shuɗi ta zaɓa. Na ranar Talata mai zuwa ta ce ja take so, irin na ɗankwalinta na Sallah.