Ƙafar Inji

Mutanenmu na Yawuri in za su sayi tsohon injin jirgi, kansa kawai suke dubawa. A ja igiya ya tashi da ruri, sai ka ji ana "kai, wannan garau yake!" Ni kuwa da na girma a gidan da Yamaha mai doki 40 ke ciyar da mu, ƙafar nake tsoro, wato sashen nan da ke nutse cikin ruwa, inda giya da farfela suke.

Yayana da ya gaji injin ba ya yarda da ruri. Notin ƙasa yake kwancewa ya tari man giya a gwangwani. Mai lafiyayye kalar zuma gare shi. In ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, to ruwa ya shiga. Kuma mai karatu ka san ɓarawon? Zaren kalli ne na masunta, ɗan siriri haka, ya naɗe a bayan farfela yana cin robar da ke tare ruwa a hankali, ba ƙara ba hayaƙi. Sai a zare farfela, a warware zaren, a sake roba. In kuwa aka ga ɓarɓashin ƙarfe manya a cikin man, haƙoran giya sun fara karyewa, kuɗin roba ya koma kuɗin akuya, ko ma fiye.

Zuba sabon mai ma da ƙa'idarsa. Ta hujin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a toshe na saman tukuna, don kada iska ta maƙale.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 kututturan itatuwa suka kwanta ƙarƙashin ruwan nan. Farfela ta daki ɗaya, sandarta ta lanƙwashe, inji ya kama rawa. Wasu direbobin sai su ce a lallaɓa a kai kasuwa tukuna. Lallaɓawa da mata da goyo a tsakiyar Kwara, cikin damina? Wallahi ba na yafe wannan.

Saura famfon ruwa, 'yar robar da yashi ke cinyewa. Ita ke sa inji ya riƙa tsartar da ruwa ta baya, masu gyara na ce masa fitsari. Ni dai in na shiga jirgi kusa da direba nake zama, idona na kan fitsarin nan har mu sauka.