Madubin ɗakin Inna

Baba ya yi shekara 30 yana sayar wa Turawa kayan sassaƙa, amma ko ɗaya bai taɓa kwana a gidanmu na New Bell ba. Inna ta ce duk abin da aka yi wa ido da baki ya tsaya a shago, ba za a kore mata mala'iku ba. Daga Fumban yake saro kayan, sababbi fil, sai a turara su da hayaƙi, a goga musu manja da jan goro, wasu a binne su wata guda. Bature in ya zo Duwala tsohon abu yake nema, Baba kuwa ya iya tsufar da itace.

Abu ɗaya ne ya shigo. Wani mai kayan gwanjon Turai a bayan kasuwar Kongo ya buɗe kwantena, Baba ya hango madubi a tsakanin tsofaffin firji da katifu, ya biya saifa dubu 15. Katakon da ke kewaye da gilashin an sassaƙe shi ganye kan ganye, babu fuska babu dabba, don haka Inna ta yarda. Aka rataye shi a saman kabad ɗin kwanukanta.

Baba ya ce aikin Italiya ne, irin na masassaƙan Fulorans, kuma ya nuna mini yadda ya gane. Itacen mai taushi ne, ba nauyi. A kansa akwai farin alli da aka dama da gam na fata, sai jar ƙasa, sannan zinare da aka buga ya fi takarda siranta aka manna. Inda hannu ya daɗe yana shafa, zinaren ya goge, jar ta leƙo. A baya kuma ga ramukan ƙwari a karkace. Ya ce ramin da aka yi da ƙusa miƙewa yake yi, ya sani don ya sha yi.

Ni dai tsohon abu mai dauɗa nake gani. Da bikin Yaya ya matso, ina ɗan shekara 17, aka ce a gyara gida. Na sayo fentin feshi mai ruwan zinare a kasuwar Kongo, na fitar da madubin tsakar gida, na rufe gilashin da jarida, na feshe shi sau biyu. Ya fito yana ƙyalli kamar kujerar ango. Mata suka yi ta sa mini albarka, Inna har da guɗa.

Baba ya dawo bayan isha'i. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sa farce ya kankare gefen wani ganye. Fentin ya taso da zinaren da jar ƙasar gaba ɗaya, sai farin alli.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To, Allah ya yi maka albarka."

Bai ƙara komai ba har ya rasu. Daga baya abokin cinikinsa ya faɗa mini wani Bature ya taya madubin da kuɗin da zai kai mutum Makka, Baba kuma ya ajiye shi ne don kujerar Inna.

Ban faɗa mata ba. Madubin yana nan saman kabad, fentin ya fara baƙi saboda raɓar Duwala, kuma jiya ta sake cewa in samo wani gwangwanin kafin salla.